Abin da Tauraro Bai Gani Ba a Gulbin Kaba

Ranar da Rilwanu ya fara ganin Lantana, inuwa kawai ya fita nema. Tun hantsi yake fama da moto, wato babur, a cikin rairayin Gulbin Kaba, ya hau, ya sauka ya tura, ya sake hawa, har ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Lokacin kaka ne, an gama girbin hatsi, rana kuwa kamar shi kaɗai aka aiko ta ta gasa.

Wani buro ne, wato ofis, a Agiye, mai kula da lafiyar gulbi da itatuwan bakinsa, ya ɗauke shi kwantiragi. Tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton kwarin daga sama, shi kuma ya zauna gaban ordinata, wato kwamfuta, ya rina taswira: inda tsiro ya yi kyau ya sa kore, inda ya lalace ya sa ja. Sai dai ƙa'idar aikin ta ce ba a yarda da hoto sai an je an taka wurin da ƙafa. Wurare talatin aka ba shi a wannan zagayen. Ya taka ashirin da shida, saura huɗu, duk a ƙetaren gulbi.

Ya hango wata doguwar goruba mai 'yar inuwa kusa da Garin Auta, ya nufe ta yana jan ƙafa. Nan ya tarar da budurwa a durƙushe cikin kaba, tana yanka tana jerawa a gefe.

"Sannu da aiki, 'yammata."

Ta ɗago ta dube shi tun daga hular kwano har takalmi. "Yawwa, sannu Mushe. Wai kai ke tuƙa moton, ko shi ke tuƙa ka? Tun ɗazu nike kallonku."

Ya so ya yi dariya, ƙarfin yin ta ne babu. Ya zube a gindin gorubar. Ta miƙo masa gorar ruwa, ya kafa kai bai sauke ba sai da ya ji kunya.

Da numfashinsa ya dawo ya ciro 'yar na'urarsa mai kamar allo, ya nuna mata. "Wanga shi ne gulbinku daga bisa, tauraro ya ɗauko shi. Ga garinku nan, ga inda muke zaune."

Ta matso tana goge hannu da zane. "Shina ganina?"

"A'a. Duk abin da bai kai hilin tsakar gida ba, ido nai bai kai gare shi."

"Ashe kai Bagobiri ne," in ji ta, tana murmushi. "To mi amfaninshi in bai ganin mutane?"

"Itace anka sa shi kiwo, ba mutane ba."

"Allah shi kyauta. Makiyayin da bai san masu garken ba."

Daga nan hira ta ɓarke. Ya gaya mata shi ɗan Sae Sabuwa ne, uwarsa na can tana jiran ya zama mutum. Ta gaya masa ta yi makarantar lakol har aji shida, daga baya ta koma saƙar tabarma wurin innarta. Ta nuna masa da hannu iyakar inda matan garinsu ke yankan kaba, daga gorubar nan har kwanar gulbi. Kafin ya ankara an kira la'asar.

Ya dubi ƙetare, ya dubi rairayin da ke tsakani, ya dubi allonsa. Wuraren nan huɗu kore ne shar a hoto, sun fi ko'ina. Ya ce a ransa abin da yake kore haka me zai je dubawa? Ya ɗauki biro ya rubuta a takarda cewa ya je, ya gani, lafiya lau. Ba zan rufa masa asiri ba: rabi gajiya ce, rabi kuwa so yake ya ƙara zama kafin ta ɗaure kayanta.

Washegari da safe saƙo ya shigo salularta, wayar da ya karɓi lambarta kafin su rabu.

"Salam Lantana. Bagobirin da moto ya wahalar ne. Na iso Agiye lahiya, amma na mance wani abu gindin gorubarku."

"Mi ka mance? Ban ga komi ba sai sawunka."

"Hankalina. In kin tsince shi ki aje wajenki, Inuwata."

"Allah shi shirye ka, Ɗan Tauraro."

Sunayen nan biyu suka zauna. Duk Asabar sai ya sha rairayi ya zo Garin Auta, ya iso fari fat da ƙura, ta yi ta masa tsiya. Mahaifinta, Malam Ɗanasabe, mutum ne marar yawan magana. Yakan sa a shimfiɗa wa baƙon tabarmar kaba a zaure, saƙar matarsa Inna Delu, wadda a kasuwar Gazawa ba ta kai azahar ba a saye ta ba. Akwai kuma Sharifu, mai rumfar tabarmin leda da bokitai a kasuwar, wanda ya shekara biyu yana zarya gidan. Mutumin kirki ne, ba shi da laifi, zuciyar Lantana ce kawai ba ta je wurinsa ba.

Rilwanu ya miƙa taswirarsa ga buro ya manta da ita. Gefen matan Garin Auta ya fito ja, domin kabar da ake yanka gajera ce, rairayi na leƙowa ta tsakaninta. Ƙetare kuwa kore. Taswira ta bi hannu zuwa hannu har ta kai ga masu yanke hukunci.

Bayan wata biyu ma'aikatan gandun daji suka zo ƙofar mai gari da takarda. An hana yankan kaba a gefen gari har shekara uku, don wurin ya huta. Mai son kaba ta ƙetara inda daji yake da lafiya. Suka liƙa taswirar a jikin bango, ga sunan Rilwanu ɓaro-ɓaro a ƙasanta.

Matan suka yi dariyar takaici, domin ko yaron goye ya san abin da ke ƙetare. Garmani ne, ciyawar da ko jaki ba ya sa wa baki, ta cinye wurin tun shekaru. Babu kaba ko gindi ɗaya.

Ran nan da azahar Rilwanu yana buro saƙo ya shigo.

"Rilwanu, ashe ran da ka zauna hira da ni aiki kake yi? Da hannuna na nuna maka inda muke yanka, ka tahi ka shafa mashi ja. Yau ko rijiya ban iya zuwa ba, kowa cewa yake ni na kai ka. Inna ta aje saƙa. Kada ka sake ce mani Inuwa."

Ya karanta sau uku. Ya kira, ba ta ɗauka ba. Bai jira Asabar ba, ya hau moto.

Malam Ɗanasabe ya fito da kansa, riƙe da tabarma a naɗe. Ya warware ta a zaure. Ta leda ce, shuɗiya, mai sheƙi.

"Zauna. Ka yi haƙuri da wannan, Sharifu ya kawo mana. Ta kaba ta ƙare, kai ka san dalili."

Rilwanu ya zauna kamar a kan garwashi. Ya fara bayani, yadda tauraro ke auna koren ganye, yadda ba shi ya yanke hukuncin ba. Tsohon ya bar shi har ya gaji don kansa.

"Tambaya guda zan yi maka, yaro. Ƙetaren can da ka ce lahiya lau, ka taka shi da ƙafarka?"

Ƙarya ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta da kyar.

"Ban taka ba, Baba."

"Amma ka rubuta ka taka."

"Na rubuta."

Malam Ɗanasabe ya gyaɗa kai. "Da injinka ne ya yi kure, da na ce ƙarfe ne, bai da hankali. Amma kai ka yi shaidar abin da ba ka gani ba, ka cire abinci daga bakin mata sittin. Ni ba mai dukiya nike nema ma ɗiyata ba. Sai dai ban iya ba da ita ga wanda gajiya ke sa shi shaidar zur. Zaman aure duk gajiya ne. Tashi ka tahi, Allah shi kiyaye hanya."

Bai nufi Agiye ba. Ya bar moton a bakin gari ya ƙetare gulbin da ƙafa, tafiyar da ba ta kai ta rabin sa'a ba. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. Garmani ya kai masa ƙugu, ya fara bushewa daga ƙasa. Ya taka wuraren nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, bai ga abin da akuya za ta tsinka ba.

A hanyar dawowa ya ga mata biyu a cikin kabar da aka hana. Inna Delu ce da Lantana. Babu lauje a hannunsu. Tsohuwar ta durƙusa tana gyara wani tsumma da ke ɗaure a jikin wata 'yar kaba.

Ya gaishe su daga nesa. Lantana ta juya masa baya. Inna Delu ta amsa a gajiye, sannan ta yafito shi.

"Zo ka gani, tunda yau ka zo da idonka. Ka san kaba ɗiyar goruba ce, in an bar ta sai ta tashi. Mu nan garin, duk gindin da mace ta yanka sau uku, sai ta zaɓi ɗiya guda ta ɗaura mata tsumman zanenta. Wadda ke da tsumma ba mai taɓa ta. Haka muka taras. Gorubar can da ka sha inuwarta, uwata ce ta ɗaura mata."

Ya waiga. Sai yanzu ya gan su. Ja, baƙi, mai ruwan ƙwai, tsummoki ko'ina a cikin kabar, wasu sun kai gwiwa, wasu sun wuce tsayin mutum. Wata biyu yana wucewa ta nan, idonsa na kan allo.

"Tun da aka hana mu shiga," in ji Inna Delu, "masu zuwa daga nesa ke shigowa, su ba su san tsumma ba. Jiya sun sare uku."

Lantana ba ta juyo ba, amma ta yi magana. "Ka ce ma tauraronka shi sake dubo gulbin da bazara, in garmani ya mutu. Sannan shi gaya maka wa ke da rai."

Maganar ta bi shi har Agiye. Ba sai ya jira bazara ba, domin hotunan shekarun baya suna nan a ajiye. Da safe ya jawo na watan huɗu na bara, da na bara waccan, da na shekara biyar baya. Taswira ta kife. Ƙetare ya zama fari fayau kamar faifai, gefen mata kuwa shi kaɗai ke riƙe da kore a tsakiyar rani, kuma koren ƙaruwa yake yi kaɗan-kaɗan kowace shekara.

Ya kai wa shugabansa, Mushe Abdurrahaman. Mutumin ya daɗe yana kallon hotunan, ya cire tabarau ya murza ido.

"Abin da sauƙi. Mu rubuta cewa garmani ne ya ruɗi hoto. Gaskiya ce ai, ba ƙarya ba."

Kwantiragin Rilwanu wata mai zuwa za a sabunta. Ya tuna uwarsa a Sae Sabuwa, yadda take gaya wa maƙwabta ɗanta na aikin buro. Ga ƙofa a buɗe, ba mai ganinsa. Sai shuɗiyar tabarmar nan ta faɗo masa a rai.

"Shef, takardar da na cika ta ce na je na gani. Ban tahi ba. In anka ce hoto ne kawai, za su ce ai ma'aikaci ya taka wurin ya tabbatar, ba za su ɗage dokar ba. A rubuta yadda abin yake."

"Ka san in na rubuta haka, ba ni da bakin da zan roƙa maka sabon kwantiragi?"

"Na sani."

Mushe Abdurrahaman ya ja tsaki, ba na ƙi ba, na tausayi. Ya jawo takarda.

Kafa doka kwana ɗaya ne, ɗage ta kuwa sai mai haƙuri. Takarda ta tashi daga Agiye ta je Gazawa, ta wuce Maraɗi, ta dawo a ce a ƙara hujja. Aikin Rilwanu ya ƙare a watan ɗaya kamar yadda aka faɗa. Ya mayar da moton buro, ya koma shiga motar kasuwa, sauran tafiyar kuma a ƙafa ko a amalanken wanda ya ji tausayinsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a ƙofar mai gari gaban maza da mata ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba. Ya ce Lantana ba ta san komai ba, ruwa kawai ta ba shi. Sai wata tsohuwa mai suna Tala ta ce, "To ai ka gama kuka. Hujja suka ce suna so? Gobe ka zo da takalmin kirki."

Sati uku suna bin kabar. Mata na nuna tsumma suna faɗin mai shi, shi kuma yana ɗaukar hoto da salularsa yana sa alamar wurin. Lantana ce ke rubuta sunaye, domin ita ce mai karatu a cikinsu. Tsakaninsu ba ta wuce "na wa ne wannan" da "rubuta". Sun sami tsumma ɗari shida da goma sha uku. Ya rame, ya yi baƙi, takalmin kirkin ma ya buɗe baki.

A cikin kwanakin nan ya ji cewa dangin Sharifu sun je gaisuwa gidan, Malam Ɗanasabe ya ce su dakata tukuna. Rilwanu kuwa da wane baki zai yi ƙorafi? Ya gaji har ya daina sa rai, abin da ya rage masa kawai ya ga an buɗe wa matan nan gulbinsu ya koma gonar waken babansa.

Wata safiya yana jiran mota a tashar Gazawa salularsa ta yi ƙara.

"Kana cin abinci kuwa? Na ga wuyanka ya yi tsawo."

Ya rubuta, "Ina ci. Ki yahe mani, Lantana."

"Ran da ka tsaya ƙofar mai gari na yahe. Fushin ne bai gama sauka ba sai yau. Akwai fura wajen Inna Tala, ka biya ka sha kahin mu hita, Ɗan Tauraro."

Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula, kada 'yan tasha su ga namiji yana hawaye.

Sai da bazara ta kama, garmani ya zama kara, sannan aka ɗage dokar. Har aka ƙara da cewa duk kabar da ke da tsumma, wanda ya sare ta ya taɓo hukuma. Matan suka shiga gulbi da guɗa. Sharifu da kansa ya janye, ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san kayan da ba nasa ba.

Bayan kwana goma aka aika wa Rilwanu ya zo, Malam Ɗanasabe na kira.

Ya tsaya a bakin zaure. Tsohon ya fito da tabarma a naɗe kamar wancan karon. Ya durƙusa ya warware ta a hankali. Ta kaba ce, sabuwa dal, ko gama bushewa ba ta yi ba, ƙanshin ɗanyen ganye ya cika zauren.

"Zauna. Ita ce ta farko da innarku ta saƙa tun da aka buɗe. Ta ce kada kowa shi hau ta kahin kai."

Rilwanu ya cire takalmi ya zauna a gefe-gefe, ya kasa ɗaga kai.

"Baba, gara in hwaɗa maka tun yanzu. Ba ni da aiki. Buro sun ce za su riƙa kirana jefi-jefi in aiki ya taso, shi ke nan. Sai gona."

"Na sani. Ran nan ba aikinka na tambaye ka ba. Wanda ya gaji ya yi ƙarya, na kore shi. Wanda ya gaji ya tsaya kan gaskiya, shi nike magana da shi. Ka turo magabatanka."

Daga bayan danga aka ji wata 'yar dariya da gudu, sai muryar Inna Delu tana cewa, "Ke Lantana, ba ki da kunya?"

An ɗaura aure kafin ruwan farko. Mutanen Sae Sabuwa suka zo mota guda, aka yi ta tsiya tsakaninsu da mutanen gari, kowa a kan tabarmar kaba. Ranar da za a kai amarya, da hantsi, Inna Delu ta ja su biyun zuwa bakin gulbi. Ta yagi bakin tsohon zanen Lantana, wanda take ɗaure da shi ran da suka haɗu, ta zaɓi wata 'yar kaba kusa da doguwar gorubar, ta miƙa wa Rilwanu tsumman.

"Kai za ka ɗaura. Tauraronka yaushe zai ga wannan?"

Ya duba 'yar kabar, ko gwiwarsa ba ta kai ba. "Ita kaɗai, Inna? Ko ta girma da wuya. Sai in sun yi yawa."

"To ku yi yawa," in ji ta.

Lantana ta rufe fuska da mayafi. Shi kuwa ya durƙusa cikin rairayi ya ɗaure tsumman, ya ƙara ƙulli na biyu don kada iska ta kwance.

"Ka gaji, Ɗan Tauraro?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na gaji ƙwarai, Inuwata. Amma wanga karon na taka wurin da ƙahwata."

Inna Delu ta ɗaga hannu, suka ɗaga. Ta ce Allah ya sa albarka a auren, ya ba su haƙurin juna ran da ƙarfi ya ƙare, ya raya abin da suka ɗaura har jikokinsu su sha inuwarsa. Suka shafa, suka juya gida, ana jiyo kiɗan 'yan kai amarya daga cikin gari.